FASHIN BAƘI: Yadda ƙungiyar unguwa ke raba mutum da gidansa a Amurka, da haƙƙoƙin da doka ta ba mamallaki

A shekarar 2008, wani kyaftin ɗin sojan Amurka yana bakin daga a Iraƙi aka yi gwanjon gidansa a garin Frisco da ke Jihar Texas. Darajar gidan ta kai kimanin dala 300,000, kuma babu bankin da ke bin iyalin ko sisi a kansa. Bashin da ya jawo gwanjon bai kai dala 1,000 ba, kuɗin da aka karyar da gidan kuwa bai kai dala 4,000 ba. Wadda ta sayar ita ce ƙungiyar masu gidajen unguwar, wato maƙwabtansa, saboda kuɗin hidima da suka taru ba a biya ba. Sai a 2010 gidan ya dawo hannun iyalin, bayan ƙarar da suka shigar a kotun tarayya ta ƙare da sulhu.

Abin da zai ɗaure wa mai karatu kai shi ne, a wancan lokacin dokar Texas ta yarda ƙungiya irin wannan ta sayar da gidan mutum ba tare da ta je gaban alƙali ba. Ikon yin gwanjon kansa yana nan har yau a yawancin jihohin ƙasar, sai dai an yi masa takunkumi iri-iri. Sanin waɗannan takunkuman shi ne ke bambanta wanda ya tsira da gidansa da wanda ya wayi gari a titi.

Mece ce ƙungiyar masu gidaje?

A Amurka ana kiran ta HOA a taƙaice. Ƙungiya ce mai rajista wadda ke kula da kayan tarayya na rukunin gidaje: tituna na cikin unguwa, fitilu, magudanan ruwa, filin wasan yara, wurin ninƙaya, ƙofar shiga da masu gadi. A gidajen bene da ake sayar wa mutane sashe-sashe, ita ke da alhakin rufi, ginshiƙai da na'urar hawa sama. Masu gidajen ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa daga cikinsu, galibi 'yan sa-kai marasa albashi, su kuma sukan ɗauki kamfani ya riƙa yi musu aikin yau da kullum da karɓar kuɗi.

Ƙididdigar cibiyar da ke wakiltar waɗannan ƙungiyoyi ta nuna cewa a 1970 ba su wuce 10,000 ba, da mazauna kimanin miliyan 2. Zuwa 2023 sun kai wajen 365,000, da mazauna fiye da miliyan 75. Kusan kashi biyu cikin uku na sabbin gidajen da ake ginawa a ƙasar a yanzu suna ƙarƙashin irin wannan ƙungiya. Dalilin bunƙasar a fili yake: ƙananan hukumomi na son harajin sabbin unguwanni, amma ba sa son ɗaukar nauyin titunansu da magudanansu. Saboda haka sukan sa wa mai gina unguwa sharaɗin ya kafa ƙungiyar da za ta ɗauki wannan nauyi. A garuruwa da dama na kudanci da yammacin ƙasar, wanda ke neman sabon gida da wuya ya samu wanda babu ƙungiya a kansa.

Daga ina ta samo ƙarfinta?

Kafin a sayar da gida ko ɗaya, kamfanin da ya gina unguwar yakan rubuta kundin sharuɗɗa ya yi masa rajista a ofishin filaye na gunduma. Waɗannan sharuɗɗa a jikin filin suke ɗaure. Duk wanda ya sayi gidan, ko ya gada, ko aka ba shi kyauta, ya zama ɗan ƙungiya daga ranar da ya karɓi takardar mallaka, ko ya karanta kundin ko bai karanta ba. Hanyar fita ɗaya ce: ya sayar da gidan.

A cikin kundin ne ake samun wajibcin biyan kuɗin hidima, da ikon ƙungiya na cin tara, da ikonta na ɗora bashi a kan gidan wanda ya ƙi biya. A nan ne kuma ake samun dokokin da kan haddasa rigima: launin fentin da aka yarda da shi, tsawon ciyawar ƙofar gida, inda za a ajiye mota da kwandon shara, adadin dabbobin da za a riƙe, da ko an yarda a ba da haya.

Takardun da ke mulkin unguwa ba matsayinsu ɗaya ba. Dokar tarayya ce a sama, sai dokar jiha, sai kundin sharuɗɗan da aka yi wa rajista, sai takardar kafa ƙungiya da tsarin mulkinta, sannan daga ƙarshe ƙa'idojin da kwamiti ke fitarwa lokaci-lokaci. Na ƙasa ba ya karya na sama. Idan kwamiti ya fitar da ƙa'idar da kundin bai ba shi ikon fitarwa ba, ko wadda ta ci karo da dokar jiha, mamallaki na da hujjar ƙin amincewa da ita. Tambaya ta farko a kowace rigima ita ce: a wace takarda aka rubuta abin da ake tuhumata da saɓawa, kuma wa ya ba ku ikon hukunta ni a kansa?

Akwai abin da kan ba baƙi mamaki. 'Yancin faɗin albarkacin baki da sauran kariyar da ke cikin tsarin mulkin Amurka an yi su ne don taka wa gwamnati birki. Ƙungiyar masu gidaje a idon doka ba gwamnati ba ce, yarjejeniya ce tsakanin mutane. Don haka mamallaki ba zai iya dogaro da tsarin mulkin ƙasa kai-tsaye ba. Jihar New Jersey na cikin 'yan ƙalilan da suka sassauta wannan: a 2012 kotun ƙolin jihar ta ce ƙungiyar da ta hana wani ɗan takarar kansila liƙa hoton takararsa a taga da ƙofar gidansa ta keta tsarin mulkin jihar.

Yadda alƙalai ke kallon rigimar

Wanda zai kai ƙungiya ƙara ya kamata ya san cewa kotuna sun fi karkata ga kare kundin sharuɗɗa. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ta faru a Kalifoniya a 1994. Wata mata mai kyanwa uku ta ƙalubalanci dokar hana riƙe dabbobi, tana mai cewa kyanwoyinta ba sa fita waje, ba sa damun kowa. Kotun ƙolin jihar ta ce sharaɗin da aka yi wa rajista ana ɗaukarsa a matsayin mai ma'ana, sai in an nuna cewa na son zuciya ne, ko ya saɓa wa manufar doka, ko cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa nesa ba kusa ba. Kotun ta ƙara da cewa ana auna sharaɗi da unguwa gaba ɗaya, ba da halin mutum ɗaya ba. Matar ta sha kaye. Daga baya majalisar dokokin jihar ce ta yi dokar da ta ba mamallaki damar riƙe aƙalla dabba ɗaya.

A 1999 kotun dai ta sake yanke wani hukunci kan rigimar yadda za a magance gara a wani rukunin gidaje. Ta ce muddin kwamiti ya yi bincike, ya yi aiki da kyakkyawar niyya, kuma bai wuce ikonsa ba, alƙali ba zai maye gurbin shawarar kwamitin da tasa ba.

Darasin waɗannan hukunce-hukuncen shi ne, cewa "dokar ba ta yi mini daɗi ba" ba hujja ce mai tsayawa a kotu ba. Hujjojin da ke tsayawa su ne: kwamiti ya wuce ikonsa, bai bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, ya hukunta wani ya ƙyale wani a kan laifi iri ɗaya, ya daɗe yana kallon ana saɓa dokar bai ce uffan ba har ta zama kamar an yi watsi da ita, ko kuma ya nuna wariyar da dokar tarayya ta haramta.

Iyakokin da dokar tarayya ta shata

Tarihin sharuɗɗan gidaje a Amurka yana da baƙin tabo. A farkon ƙarni na 20 an riƙa rubuta su don hana sayar da gida ga baƙaƙen fata, Yahudawa da 'yan Asiya. A 1948 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ba a yarda kotuna su tilasta bin irin waɗannan sharuɗɗa ba. A Afrilun 1968, mako ɗaya bayan kisan Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar adalci a sha'anin gidaje. Dokar ta haramta wariya saboda launin fata, asali, addini ko ƙasar da mutum ya fito. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 kuma aka ƙara naƙasa da kasancewar mutum yana da yara ƙanana.

Wannan doka ta hau kan ƙungiyoyin masu gidaje. Ba su da ikon yin ƙa'idar da ta ware iyalai masu yara ba bisa dalilin tsaro na gaskiya ba, sai a unguwannin da doka ta amince a keɓe wa tsofaffi. Wajibi ne su sassauta wa mai naƙasa daidai gwargwado, misali su ware masa wurin ajiye mota kusa da ƙofarsa, ko su bar shi da karen da ke yi masa jagora ko da unguwar ta hana dabbobi.

Kan batun addini, shari'ar da ta fito daga wani dogon bene a Chicago ta zama abin misali. Ƙungiyar ginin ta fassara dokar hana ajiye kaya a baranda ta yadda ta riƙa cire ɗan ƙaramin akwatin addu'a da Yahudawa ke maƙalawa a gefen ƙofa, har a kwanakin da wani iyali ke zaman makoki. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce iyalin na da damar neman haƙƙinsu a ƙarƙashin dokar gidaje, domin kariyar ba ta ƙarewa ranar da aka sayi gida. Wannan kariya ta shafi Musulmi da Kirista daidai wa daida. Inda aka bar wasu su yi ado a lokacin bikinsu, aka hana wasu a lokacin nasu, akwai abin tuhuma. Jihohin Illinois da Texas sun yi dokoki na musamman da suka kare alamomin addini a ƙofar gida.

Wanda aka nuna wa wariya yana da shekara ɗaya ya kai koke ga ma'aikatar gidaje ta tarayya, ba tare da biyan ko kwabo ba, ko shekara biyu ya shigar da ƙara a kotu.

Akwai wasu kariya guda uku. Tun 1996 hukumar sadarwa ta ƙasar ta hana ƙungiyoyi haramta kwanon tauraron ɗan'adam da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, matuƙar a wurin da mamallaki ke da iko da shi shi kaɗai aka kafa. Dokar da aka sa wa hannu a 2006 ta hana su haramta kafa tutar Amurka. Dokar 2003 kuma ta ba sojojin da ke bakin aiki kariya daga wasu nau'o'in ƙwace dukiya a bayan idonsu.

Tara da haƙƙin a saurari mutum

Sauran haƙƙoƙin sun dogara ne da jihar da gida yake, kuma bambancin yana da girma. Amma a jihohin da suka fi yawan ƙungiyoyi, ƙa'ida ɗaya ce: ba a cin mutum tara sai an sanar da shi a rubuce, an kuma ba shi damar kare kansa.

A Florida, dole a ba da sanarwar kwana 14, sannan a saurari mutum a gaban kwamitin aƙalla mutum uku waɗanda ba shugabannin ƙungiya ba ne, ba ma'aikatanta ba, ba kuma matansu, mazansu, iyayensu, 'ya'yansu ko 'yan'uwansu na jini ba. Idan wannan kwamiti bai amince ba, tarar ta faɗi. Doka ta ƙayyade dala 100 kan kowane laifi, jimilla kada ta wuce dala 1,000, sai in kundin unguwar ya tanadi akasin haka. Tarar da ba ta kai dala 1,000 ba kuwa ba a ɗora ta a kan gida.

A Kalifoniya sanarwar ta kwana 10 ce, kuma a 2025 jihar ta rage yawancin tara zuwa dala 100, ban da laifin da ya shafi lafiya ko tsaron jama'a. Dokar jihar ta kuma hana kwamiti ƙara kuɗin hidima da fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara, ko ɗora karo-karo na musamman da ya wuce kashi 5 cikin 100 na kasafin shekara, sai da ƙuri'ar masu gidaje, in ba a halin gaggawa ba.

Bashi, riƙo da gwanjo

Nan ne gizo ke saƙar. Idan mamallaki ya daina biyan kuɗin hidima, ƙungiya kan yi rajistar bashin a kan gidan, ta yadda ba zai iya sayarwa ko jinginar da shi ba sai ya biya. Daga nan ta miƙa wa lauyoyi. Da shigowarsu lissafi ke sauyawa: kuɗin jinkiri, kuɗin ruwa, kuɗin wasiƙa, kuɗin lauya, duk a wuyan wanda ake bi. Bashin 'yan ɗaruruwa kan koma na dubbai cikin 'yan watanni, kuma sau da yawa kuɗin lauyan kan ninka ainihin bashin.

Binciken da kafofin ProPublica da Rocky Mountain PBS suka gudanar ya gano cewa ƙungiyoyin Jihar Colorado sun shigar da ƙarar neman gwanjon gidaje fiye da 2,400 tsakanin Janairun 2018 da Fabrairun 2022. A shekarar 2022 jihar ta yi dokar da ta hana gwanjon gida saboda tara kaɗai, ta ƙayyade tarar laifin da bai shafi lafiya da tsaro ba a dala 500, ta kuma wajabta a fara tayin biya kaɗan-kaɗan.

Texas ta yi nata gyaran a 2011. Yanzu sai da umarnin kotu kafin gwanjo, sai in mamallakin ne ya yafe wannan haƙƙi a rubuce. Ba a gwanjo idan bashin tara ce zalla, kuma wanda aka sayar da gidansa yana da kwana 180 ya fanso shi. A Kalifoniya ba a fara gwanjo sai ainihin kuɗin hidimar da ake bi sun kai dala 1,800 ko sun wuce wata 12, ba tare da an lissafa tara da kuɗin lauya ba. Dole a aika wasiƙar gargaɗi kwana 30 kafin rajistar bashin, kuma duk abin da mutum ya biya ana fara cire shi daga ainihin bashin kafin a waiwayi kuɗin lauya. Florida ta wajabta sanarwa biyu, kowace ta kwana 45: ɗaya kafin rajistar bashi, ɗaya kafin ƙarar gwanjo.

A jihohi kimanin 20, wani kaso na bashin ƙungiya yana gaba da na bankin da ya ba da rancen sayen gida. A 2014 kotun ƙolin Nevada ta ce gwanjon ƙungiya kan kuɗin wata tara na iya shafe jinginar banki baki ɗaya. A shari'ar da ta kai ga wannan hukunci, an sayi gida kan dala 6,000, rancen dala 885,000 ya bi ruwa. Idan banki da tarin lauyoyinsa bai tsira ba, talaka sai ya yi hattara.

Babban kuskuren da masu gidaje ke yi shi ne ƙin biya don nuna fushi. Mutum ya ga ba a gyara titi ba, ko an ci shi tarar zalunci, sai ya riƙe kuɗin wata. A yawancin jihohi kotu ba ta karɓar wannan a matsayin uzuri, domin wajibcin biya daban, korafi daban. Abin da ya fi shi ne a biya tare da rubuta cewa ba a amince ba, sannan a nemi haƙƙi. Dokar Kalifoniya ta fayyace wannan hanya, ta ba mutum damar zuwa kotun ƙananan ƙararraki ya nemo kuɗinsa. Haka nan idan kamfanin karɓar bashi ko ofishin lauya ne ya rubuto, dokar tarayya ta 1977 ta ba mutum kwana 30 ya musanta bashin a rubuce ya nemi hujja.

Haƙƙin duba littattafai da sauke shugabanni

Kuɗin ƙungiya na masu gidaje ne, kuma doka ta ba su damar ganin yadda ake kashe su: kasafi, bayanan banki, kwangiloli da rahoton taro. A Florida, dole a buɗe wa mamallaki takardu cikin kwanakin aiki 10 da samun buƙatarsa a rubuce. Ƙungiyar da ta ƙi da gangan za ta biya shi dala 50 kowace rana har kwana 10. Tarukan kwamiti a buɗe suke ga kowa, sai wajen ganawa da lauya da makamantansa.

Abin da ya faru a Hammocks, wani katafaren rukuni mai gidaje kimanin 6,500 a gundumar Miami-Dade, ya nuna muhimmancin wannan haƙƙi. Mazauna sun shafe shekaru suna neman a nuna musu lissafi ana yi musu hanya-hanya, sannan a 2022 aka ninka musu kuɗin hidima har sau uku zuwa huɗu. A Nuwamban shekarar masu gabatar da ƙara suka gurfanar da mutum biyar, ciki har da shugabannin ƙungiyar na da da na lokacin, bisa zargin karkatar da fiye da dala miliyan 2 ta hanyar kamfanonin da ba su yi aikin komai ba. Kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya. A 2024 Florida ta yi dokar da ta wajabta wa shugabannin ƙungiyoyi samun horo, ta tilasta wa manyan ƙungiyoyi wallafa takardunsu a intanet, ta kuma mai da ɓoye takardu da karɓar na goro laifin da ake ɗaure mutum a kai.

Masu gidaje na da ikon sauke kwamiti kafin wa'adinsa ya cika. A Florida rinjayen masu ƙuri'a ya isa, ko da ba su faɗi dalili ba. A Kalifoniya kashi 5 cikin 100 na mambobi na iya tilasta kiran taro na musamman, zaɓe kuma a asirce ake yinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a unguwanni da yawa mutane ba sa halartar taro, ba sa jefa ƙuri'a, har 'yan tsiraru su mai da ƙungiyar tamkar gadon gidansu.

Ɗaya gefen lamarin

Ba kowane ƙarin kuɗi ne zalunci ba. A ranar 24 ga Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside na Florida, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya yi gargaɗin cewa ginin ya samu mummunar illa. An shafe shekaru ana ja-in-ja kan kuɗin gyara, kuma ba a amince da karo-karon kimanin dala miliyan 15 ba sai 'yan watanni kafin ruftawar. Bayan haka jihar ta wajabta binciken tsofaffin benaye da tara kuɗin ajiya don manyan gyare-gyare. Wanda ya ƙi biyan kasonsa, a kan maƙwabtansa yake ɗora nauyin, shi ya sa dokoki ba su ƙwace ikon karɓar bashi daga hannun ƙungiyoyi ba.

Matakan da ya kamata a bi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin sayen gida, mutum ya nemi kundin sharuɗɗa, kasafin ƙungiya, adadin kuɗin ajiyarta da rahoton tarukan baya-bayan nan. Daga nan zai gane ko akwai shari'a a kotu ko babban karo-karo da ke tafe.

Idan rigima ta taso, kada a ajiye wasiƙar ƙungiya ba a buɗe ba, domin kwanakin da doka ta ƙayyade suna tafiya ko an karanta ko ba a karanta ba. A mayar da amsa a rubuce ta hanyar da za a samu shaidar isarwa. A nemi a nuna sashen da aka saɓa, a nemi zaman saurare, a ɗauki hotunan gidajen da ke da irin laifin ba a taɓa su ba. A ci gaba da biyan kuɗin hidima.

Jihohi da dama, ciki har da Kalifoniya da Florida, sun wajabta ƙoƙarin sulhu kafin yawancin ƙararraki. Nevada, Virginia da Delaware na da ofishin gwamnati mai karɓar koke kan ƙungiyoyi. Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma akwai haɗari: a jihohi da yawa wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin lauyan wanda ya yi nasara. Amma da zarar an ambaci rajistar bashi a kan gida ko gwanjo, lokacin neman lauya ya yi.

Rukunin gidaje a Najeriya

Irin wannan zama ya yaɗu a Abuja da Legas, yana kuma shigowa Kano da Kaduna, tare da rigingimunsa: kuɗin hidimar da ba a san inda suke tafiya ba, yanke wa mutum wuta ko ruwa, da umartar masu gadi su hana shi shiga da mota. Bambancin shi ne babu wata dokar tarayya da aka yi musamman don waɗannan ƙungiyoyi. Galibinsu na da rajista ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta wajabta musu adana lissafi da miƙa rahoto ga hukumar.

Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, sashe na 41 ya ba da 'yancin zirga-zirga, na 43 kuma 'yancin mallakar ƙasa da gida. A 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da wani kamfani ya shigar kan ƙungiyar mazauna wani yanki na Gbagada, ta ce ba a tilasta wa kowa zama ɗan ƙungiya don kawai yana zaune a unguwa. Hukuncin na kotun matakin farko ne, bai kuma shafe abin da mutum ya sa wa hannu ba. Wanda ya amince a takardar cinikin gidansa cewa zai biya kuɗin hidima, yarjejeniya ta hau kansa, kuma wanda ke cin moriyar gadi da kwashe shara zai sha wuya wajen gamsar da alƙali cewa bai kamata ya biya komai ba.

Ko da bashin gaskiya ne, hanyar karɓarsa kotu ce. Tun a shari'ar Ojukwu da Gwamnatin Legas a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu, ko da gwamnati ce ta yi. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, don haka ba aikin ɗan sanda ba ne karɓar kuɗin hidima. Wanda aka tauye wa haƙƙi na iya zuwa babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 46, ko ya fara da zauren sulhu na kotu, wanda Legas ta fara buɗewa a 2002, kuma akwai irinsa a Abuja da Kano. Kafin duk wannan, mai sayen gida a rukuni ya nemi ganin takardar rajistar ƙungiyar, tsarin mulkinta da rahoton kuɗinta na bara, ya kuma ba lauya takardar cinikin ya karanta kafin ya sa hannu.